Ibn Zuhr, Likitan Da Ya Ga Ƙwaron Ƙazwa

Abu Marwana Abdulmalik ɗan Zuhr, wanda Turawa ke kira Avenzoar, mutumin birnin Ishbiliya ne a ƙasar Andalus, watau Sifen ta yau. A can aka haife shi, a can kuma Allah Ya yi masa rasuwa cikin shekarar 557 bayan Hijira, daidai da 1162. Gidansu gidan ilmi ne: kakansa likita, mahaifinsa Abul Ala'i likita, kuma a gaban mahaifin nan ya koyi sana'ar.

Rayuwarsa ba ta rasa jarrabawa ba. Ya yi wa sarakunan Murabiɗuna aiki, har Sarki Aliyu ɗan Yusufu ya yi fushi da shi, ya sa aka tsare shi a kurkuku a Marrakish. Da mulki ya koma hannun Muwahhiduna, sai Sarki Abdulmumini ya jawo shi, ya ɗaukaka shi.

Abin da ya fifita shi kan likitocin zamaninsa shi ne, bai wadatu da abin da ya tarar a littattafai ba, sai ya duba da idonsa. Cikin littafinsa Attaisir ya siffanta wani ɗan ƙwaro mai zama ƙarƙashin fata, wanda don ƙanƙanta da ƙyar ido ke ganinsa, alhali a lokacin babu madubin ƙara girman abu. Wannan shi ne ƙwaron ƙazwa. Sai a 1687, bayan fiye da shekara 500, waɗansu masana biyu a Italiya, Bonomo da Cestoni, suka nuna da madubi cewa shi ne ke haddasa cutar.

Yau an san yadda abin yake. Macen ƙwaron ce ke haƙa rami a fata ta zuba ƙwai, ƙaiƙayi ya tsananta da dare. Cutar tana yaɗuwa ta cuɗanyar jiki da haɗa shimfiɗa, musamman inda yara ke kwana a cunkushe. Wanka kaɗai ba ya kashe ƙwaron. Sai an yi wa mutanen ɗaki magani gaba ɗaya, a wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi.

Darasin a fili yake. Ƙazwar yaro ba abin kunya ba ce, ba kuma abin da za a zuba wa ido ba ne. Uba da malamin da aka ba amanar yara su duba tsakanin yatsunsu, su kai su asibiti. Allah Ya jiƙan Ibn Zuhr, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.