DARASI: KIYAYE GOBARA A LOKACIN ADON KIRSIMETI

Ya ku 'yan'uwa cikin Kristi na Diggi da kewaye, bikin haihuwar Mai Cetonmu yana zuwa ne a tsakiyar hunturu. A lokacin nan amfanin gona ya shiga rumbu, zana da kara da harawa sun bushe ƙayau, iska kuma tana kaɗawa da ƙarfi. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye wahalar shekara guda. Mu tuna gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairu na hunturun 2021.

Waliyi Faransis na Asisi shi ya fara shirya komin dabbobi na Kirsimeti a garin Greccio, ƙasar Italiya, a shekarar 1223, domin mutane su ga talaucin da aka haifi Yesu a ciki. Mu ma da ciyawa muke yin namu, ciyawa kuwa abincin wuta ce. Saboda haka:

1. Kada a kunna kyandir cikin komi ko kusa da labule da adon takarda. A kafa shi cikin kwanon yashi. Katekis ya tabbata an kashe kowane ɗaya bayan Misar dare.

2. A duba wayar fitilun ado. Wadda ta goge a yar da ita. Kada a tara na'urori a soket ɗaya, gama waya takan yi zafi ta narke.

3. Janareta ya zauna waje, don hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki. A kashe shi ya huce kafin a zuba fetur.

4. Mai hawa tsani ya sami mai riƙe masa. Kada yara su hau kujera bisa benci.

5. A buɗe ƙofofin coci duka lokacin sujada, a ajiye bokitin yashi. Ba a zuba ruwa a wutar fetur ko ta lantarki.

Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, ban da manja ko man goge baki, sannan a kai shi asibiti.

Doka ta biyar ta ɗora mana kiyaye ranmu da na maƙwabci, wuta kuwa ba ta tambayar addinin mai gida. Rigakafi ya fi magani.

Tambaya domin tattaunawa: Wa zai ɗauki nauyin kyandir da janareta a cocinmu bana?

Allah ya kai mu bikin lafiya. Amin.