Kafin Ka Sa Diga a Garejin Mahaifinka

Ɗana, na ji ka ƙudura sauke tsohon garejin nan na ƙofar gida ka ta da sabo, kuma ban ga laifinka ba. Ginin ya gaji. Bangon gabas ya yi ciki, rufin ya lotsa, ƙyauren ma sai an tallafe shi da kafaɗa yake rufuwa. Mahaifinka, yayana, Allah ya jiƙansa, ya gina shi ne don fijo 404 ɗinsa mai buɗaɗɗen baya, wadda yake jigilar 'yan kasuwa da ita daga nan Tibiri zuwa Kore Mairuwa da Dogondutsi. Mota ta daɗe da tafiya. Abin da ke ciki yau babur ne da injin ban ruwa da buhunan wake, sai yara masu shiga wasan ɓuya. Ko don yaran nan kaɗai ya kamata ya sauka. Ba ka manta daminar 2024 ba: sama da mutum 300 suka rasu a Nijar, kuma da yawansu ba ruwa ne ya tafi da su ba, ɗaki ne ya rufta musu. A watan Satumba na shekarar har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi.

Abin da nake roƙonka guda ne. Kafin ka kira masu diga, ka zagaya ginin nan a natse ka gano abin da ya cinye shi. Samarin yanzu amsa ɗaya gare su, wai laka ce, laka ba ta da ƙarko. Ban yarda ba. Masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya soma ginawa a 1962, ginin laka ne, har ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Laka ba ta faɗuwa haka kawai, sai ruwa ya samu hanyar shiga jikinta.

Ka duƙa ka dubi gindin bangon, za ka ga ya zaizaye kamar ɗani guda daga ƙasa, yana marmashewa in ka taɓa. Muna zaune ne cikin Dallol Mauri, inda ruwa yake kusa, shi ya sa rijiyoyinmu ba su da zurfi irin na kan tudu, shi ya sa kuma lambu ke yi mana kyau da rani. Wannan ni'imar ita ce ke hawa bango. Laka tana tsotsar laima daga ƙasa, laimar ta bushe ta bar gishiri, gishirin ya riƙa cin gindin gini shekara bayan shekara. Ga shi kuma rairayi da shara sun yi ta taruwa a layin har hanya ta fi daɓen garejin tudu, duk ruwan da ya sauko sai ya shiga ya kwana. Daga nan ka ɗaga kai. Indararon ya karye tuntuni ba a sauya ba, ruwan rufi yana bin bango yana sauka. Sai kuma yaɓen siminti da aka shafa a kan lakar don ado. Siminti da laka ba sa riƙe juna: ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita, daga waje bango yana sheƙi alhali cikinsa ya jiƙe. In ka ta da sabo a gurbin nan ba ka raba shi da ruwa ba, ko da bulo ka yi shi, 'ya'yanka za su sake wannan zama da muke yi.

Akwai maganar da ta riga diga. Garejin nan cikin gado yake, kuma ban ji an raba ba. Kai ne babba, kai ke da kuɗin aikin, amma ƙannenka mata suna da rabo a ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ka sanar da su, ka sanar da mahaifiyarka, a faɗi a fili ko ginin na gida ne ko naka ne, gaban dattijai biyu. Tun da Tibiri ta zama gunduma a 2011, fili na bakin hanya ya yi daraja, kuma na ga zumuncin da ɗaki guda ya raba. Maƙwabcinku na arewa ma bangonku ɗaya, rumfar awakinsa a jikinsa ta jingina, ka je ka gaishe shi ka gaya masa ranar da za a rushe. Ka leƙa ofishin magajin gari kuma, kada sabon harsashi ya ci hanya a zo a sa maka jan fenti.

Lokacin aiki bayan an kai amfanin gona gida ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka kama magini da wuri, don da an gama girbi majiya ƙarfi suke watsewa cin rani, wasu Najeriya, wasu Kwatano. Ka so a ce rufi ya hau kafin hadarin farko.

Ranar rushewa, a fara cire wayar lantarki ta NIGELEC, a kwashe kaya, a kori yara daga layin baki ɗaya. Masu aiki su sa takalmi rufaffe, tsohon bango gidan kunama ne da kububuwa. Gini daga sama ake sauke shi: ƙasar rufi, sai azara, sai bango sahu-sahu. Za ka samu wani mai gaggawa ya ce a sare gindi a tura, a gama kafin azahar. Kada ka yarda ko da ya rage maka kuɗi. Bangon da aka sare wa gindi shi ke zaɓen inda zai faɗi, kuma sau da yawa kan mai saran yake zaɓa.

Azarar nan ka lallaɓa ta. Giginya ce, irin wadda ake kawowa daga kudancin dallol wajen Gaya, kuma in namiji ce gara ba ta cika iya mata ba. Yau ba a sare giginya sai da izinin ma'aikatan gandun daji, samun irinta sai da wahala da tsada. Ka ƙwanƙwasa kowace, mai amo ka ajiye a inuwa bisa duwatsu, wadda ta yi kogo ta tafi murhu. Ƙasar bangon ma ba shara ba ce. A jiƙa ta, a tattake da ciyawa, ta sake zama tubali, ragowar kuma amalanke ya kai gona. Amma ƙasar daɓe, wadda ta sha baƙin mai shekara da shekaru, da tsofaffin baturan da ke lungu, kada su je gona, kada su kusanci rijiya. Ruwan da muke sha yana nan ƙarƙashin ƙafarmu kaɗan.

Sabon kuma, na san zuciyarka na kan bulo da rufin tol. Ba na hana ka. Siminti na zuwa daga Malbaza, kuma a Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashinsa don mutane su sake gini bayan ambaliya. Sai dai in kuɗin ba su kai ba, ka zuba su inda ruwa yake taɓawa. A haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai tauri, a cika da dutsen tudu da siminti, a ɗaga shi ya kai gwiwa bisa hanya. Daɓe ya fi layi tudu, ya ɗan gangara waje. Daga nan zuwa sama ko tubalin laka ka ɗora zai zauna, kuma ya fi bulo sanyi a watan Afrilu, wakenka ma zai fi jin daɗinsa. In bulon ne, ka tsaya a kan mai bugawa. Akwai masu matse buhu guda su fitar da bulo fiye da ƙima, ka ɗauka ya ruguje a hannunka. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako, don hunturu na busar da shi kafin ya kama, kuma siminti sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa.

Raunin gareji a ƙofarsa yake, saboda faɗinta. Kada a ɗora bango kan itace guda kamar yadda aka yi a da, a zuba kankare da rodi a bisanta. Kada kuma ta dubi gabas in akwai yadda za a yi, ka san daga can hadarinmu yake tasowa da iska, shi ya sa bangon gabas ne ya fara yin ciki. Tol ɗin a ɗaure katakonsa da ƙarfe tun daga cikin bango, ba a jera masa duwatsu a kai ba, iskar farkon damina ba ta jin nauyin dutse. Bakinsa ya zarce bango sosai, ruwan ya sauka nesa, ka yi masa 'yar hanya zuwa inda ba zai shiga gidan kowa ba. In rufin ƙasa ka fi so ba ka da azara isasshiya, ka tambaya ko akwai maginin da ya koyi ginin nan marar itace, mai rufin baka da ƙubba, wanda aka fara gwadawa a Cikal ta ƙasar Filinge a 1980. Ba kowa ya iya shi ba, sai ka ga aikin mutum da idonka tukuna.

Kada ka auna sabon garejin da motar da kake mafarkin saye. Ka auna da abin da ke hannu, ka ƙara wurin da mutum zai buɗe ƙofar mota ya fita. Ka bar tagogi biyu a sama suna duban juna, don hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa ba a ji warinsa ba. Jarkokin fetur kuwa a yi musu wani wuri dabam, nesa da murhun mata.

Da magini ku yi ciniki gaban shaida, a biya shi kashi-kashi: harsashi, bango, rufi. Kada ka ba shi duka a farko, kada kuma ka riƙe masa haƙƙinsa in ya gama. Ranar haƙa harsashi ka aiko yaro ya kira ni, ina so in ga ƙasar da za ta fito daga ramin kafin a zuba dutse.