Amsoshin Tambayoyinku: Mutum Nawa Ne a Ƙauyen Supai?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: wai mutum nawa ne a Supai, ƙauyen nan na Amurka da mota ba ta shiga?

To Malam, ƙidayar 2010 ta samu mutum 208 a wannan ƙauye na ƙabilar Havasupai, can cikin kwarin Grand Canyon a jihar Arizona. Daga bakin titi sai ka taka kilomita 13, ko ka hau jirgi mai saukar ungulu. Kai, har wasiƙu ma alfadarai ke kaiwa! A 1882 gwamnati ta matse 'yan Havasupai cikin eka 518 kacal, sai 1975 aka mayar musu da eka 185,000. Makarantar ƙauyen iyakarta aji takwas, shi ya sa matasa ke fita neman karatu.