Kafin a Sa Ƙarfe a Wuya

Duk gidan da likita ya ce wa ɗansu za a yi masa aiki a wuya a sa ƙarfe, sai ka ga an rabu biyu. Wasu su ce kada a kuskura, wuya ba abin taɓawa ba ne. Wasu kuma su ɗauka da zarar an sa ƙarfen shi ke nan, mai kwance zai miƙe. Duka biyun rashin sani ne ke jan su, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Shi ya sa nake so mu zauna mu fahimci abin da ƙarfen nan yake iyawa da abin da ya gagare shi.

Wuyan ɗan Adam ƙasusuwa bakwai ne a jere, tsakaninsu akwai guringuntsi mai taushi, ta cikinsu kuma laka ta ratsa, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mafitsara, har da numfashi. Idan haɗarin babur ko faɗowa daga bishiya ya karya ƙashin, ko tsufa ya sa guringuntsi ya zaizaye ya danne laka, ko tarin fuka na ƙashi ko ƙari ya cinye shi, sai likita ya shiga ya cire abin da ke danniyar. Gurbin da ya bari yakan cike shi da ɗan ƙashi, wani lokaci daga ƙugun majiyyacin, sannan ya ɗaure da faranti da sukurori ko sanduna, galibi na titaniyom. Shiga ta gaban wuya ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1950 likitoci irin su Smith da Robinson da Cloward suka fara shi a Amurka.

Ku riƙe wannan da kyau: ƙarfen tamkar karan da maɗori ke ɗaurawa ne a karaya. Aikinsa riƙewa, har ƙashi ya haɗe da ikon Allah, abin da kan ɗauki wata uku zuwa shida, wani ma har shekara. Ba ya raya lakar da ta riga ta mutu. Christopher Reeve, wanda ya fito a fim ɗin Superman, ya faɗo daga kan doki a 1995, ƙasusuwan wuyansa biyu na sama suka karye. Ƙwararru suka ɗaure masa su, wuyan ya tsaya, amma bai sake tafiya ba har ya rasu a 2004. Aikin ya yi abin da aka yi shi dominsa. Lakar ce ta riga ta ji rauni.

Wannan ba dalilin yanke ƙauna ba ne. Wanda jijiya ɗaya ta danne, zafi na sauka masa daga kafaɗa zuwa yatsu, mafi yawan irinsa suna samun sauƙi sosai bayan aiki. Wanda kuwa lakar ce ke danne a hankali, har maɓallin riga ya fara gagararsa, cokali na suɓuce masa, tafiyarsa na tangaɗi, babban abin da ake nema a aikinsa shi ne a tsayar da cutar kada ta ci gaba. Da yawa sukan ƙara samun ƙarfi, amma wanda ya zo da wuri ya fi wanda ya shekara yana jira rabo. Don haka in kun ga waɗannan alamu a jikin iyayenku, kada ku ce tsufa ne kawai ko sanyi.

Yanzu ga haɗarin, ban ɓoye muku ba. Mai shiga ta gaba yana bi ne ta gefen maƙogwaro da hanyar abinci, saboda haka wahalar haɗiya takan biyo baya, murya ma takan dishe. Yawanci sukan wuce cikin makonni ko watanni, kaɗan ne ke zaunawa. Jini na iya taruwa a wurin yanka ya matse hanyar numfashi a kwanakin farko. Mai jinya da ya ga wuya na kumbura ko numfashi na sarƙewa, ya kira likita nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai shigar ƙwayoyin cuta, da yoyon ruwan laka, da raunin kafaɗa har hannu ya ƙi ɗaguwa na wani lokaci. Akwai kuma masu wuyar faruwa amma masu tsanani: huda hanyar abinci, ko taɓa jijiyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa, ko ƙarin shanyewar jiki, ko rasa rai.

Wasu matsalolin sai daga baya suke bayyana. In ƙashi ya ƙi haɗewa, sukuru na iya kwancewa ko ya karye, a koma aiki na biyu. In ya haɗe kuma, gaɓoɓin sama da ƙasa ne ke ɗaukar nauyin motsi. Wani bincike da aka wallafa a 1999 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya samu sabuwar matsala a gaɓar da ke maƙwabtaka cikin shekara 10. Juya wuya ma yana raguwa, musamman in ƙasusuwa biyu na sama aka haɗe, domin kusan rabin waiwaye daga nan yake.

To, matambayi ba ya ɓata. Ku tambayi likita cikin ladabi: me zai faru in ba a yi ba? Gaɓa nawa za a haɗe? Me muke fatan ya dawo, me ba zai dawo ba? Wa zai ci gaba da duba shi? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi matsa wa masu tafiya Masar ko Indiya a yi musu aiki, su dawo ba su da likitan da ya san labarinsu. Muna da masana a gida, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da asibitocin koyarwa irin na Sakkwato. Jin ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne.

Majiyyaci ma yana da nasa kason. Taba tana hana ƙashi haɗewa, a bar ta tun kafin aiki. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa. A sa abin tallafe wuya iya kwanakin da aka ce, a je gashin ƙashi, a bar ɗaukar kaya a ka, a haƙura da babur sai likita ya yarda. In sujada ta yi wuya, addini ya sauwaƙe, a yi salla a zaune.

Roƙona na ƙarshe ga matasanmu masu gaggawar taimako a bakin titi. Wanda ya faɗi yana kukan wuya, ko ya ce ba ya jin hannu da ƙafa, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ja kansa, kada a naɗe shi cikin a-daidaita-sahu. A riƙe kai daidai da jiki, a kwantar da shi kan katako, a nufi asibiti, domin awannin farko suna da tsada. Maɗora suna da mutuncinsu a wurinmu, amma karayar wuya ba ta ɗori ba ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa hannun likitocinmu jagora, Ya saka wa masu jinya da alheri.