Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Zakin Nan na Yara

Wani mai sauraronmu daga Kamarawa a ƙaramar hukumar Isa yana tambaya: wai wasan zakin da yaransa suka nace wa a waya, daga fim aka samo shi?

To malam, daga fim ne. Kamfanin Disney na Amurka ya fitar da katun ɗin The Lion King a 1994, a shekarar kuma aka mayar da shi wasa a na'urar Sega da kwamfuta. Kafinsa an yi wa katun ɗin Aladdin haka a 1993. A fim, yaro zaune yake yana kallon Simba, zakin da ke cikin katun ɗin. A wasa kuwa shi ne Simba, zai yi tsalle kan raƙuman dawa, birai su riƙa jefa shi daga bishiya zuwa bishiya. Wannan mataki na birai ya sa yara da yawa kuka, don wuyarsa ta yi suna. A 2019 an sake fitar da wasannin biyu tare.

Na waya kam, galibi kwaikwayo ne da masu cajin waya ke turawa, wasu cike da tallace-tallacen caca. Ka karɓi wayar ka duba da kanka, malam, kafin ka bar musu ita.