Kafin Ka Fasa Kafso a Tankin Tarwada

Kiwon tarwada ya shiga gidaje sosai a Zakirai da ƙauyukan Gabasawa. Ƙasarmu ba ta da faɗin da za a bar wani fili ya zauna banza, kowane taku gona ne, shi ya sa tankin siminti ko na tamfol a kusurwar gida ya yi wa mutane daidai, musamman matasa da matan aure. Aikina shi ne duba lafiyar wannan kifi, kuma akwai abin da yake damuna ƙwarai. Da wuya a kira ni in je ban tarar an riga an farfasa kafso, ja da yalo ɗin nan, an juye a ruwa ba. Wani ma sau biyu ya zuba, da ya ga mutuwar ba ta tsaya ba ya ƙara. Alhali mafi yawan lokaci abin da ke cin kifin ƙwari ne da ke manne a fatarsa da wurin numfashinsa, kuma kafso ba ya taɓa su ko kaɗan. Bakteriya aka yi shi domin su. Kuɗi ya tafi, ruwa ya ƙara lalacewa, ƙwarin suna nan suna hayayyafa.

Kifin da ƙwari suka kama yana nunawa tun kafin ya fara mutuwa, in mai shi yana tsayawa ya kalle shi. Farko zai rage cin abinci. Sai ka ga yana wulgawa da sauri yana goga jikinsa a bangon tanki ko a ƙasa, ƙaiƙayi ne yake damunsa. Yauƙin jikinsa ya ƙaru, fatar ta yi toka-toka. In abin ya yi nisa, za ka ga wasu sun tsaya a tsaye cikin ruwa, kai sama, gashin baki a waje, ko sun taru inda sabon ruwa yake zubowa. Tasowar tarwada ta haɗiyi iska ta koma ba ciwo ba ne, Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar waje da ita. Tsayuwar nan a sandare ita ce abin tsoro. Ƙananan 'ya'ya kuwa, waɗanda gaɓar ba ta gama ƙosawa a jikinsu ba, su ne suke zubewa da yawa a dare ɗaya.

Wata Hajiya a wani ƙauye kusa da mu ta aiko a kira ni, 'ya'yan kifin da ɗanta ya sayo mata suna ta mutuwa. Na kamo ɗaya mai rai, na kankari ɗan yauƙin bayansa da gefen gilashi, na ɗiga ruwa, na sa a madubin likita. Na ce ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Malam, waɗannan masu juyawa duk a jikin kifi ɗaya suke?" Na ce, "Hajiya, wannan ɗigo ɗaya ne kawai." Abin da ta gani shi ne Trichodina, wata halitta zagayayya mai zoben ƙananan haƙora, tana yawo a kan fata tana kankararta. Kaɗan daga cikinta ba ya cutar da lafiyayyen kifi. Tana yin yawa ne idan ruwa ya cika da kashi da ragowar abinci, kifi kuma ya cunkushe. A tankin Hajiya, da na zura hannu ƙasa, ruɓaɓɓen abinci na damƙo. Ta ce tausayi ne yake sa ta ƙara musu, kada su kwana da yunwa.

Akwai kuma tsutsotsi masu ƙugiya, Gyrodactylus a fata, danginsa kuma a cikin jan naman da ke ƙarƙashin murfin gefen kai, inda kifi yake shaƙar iskar ruwa. Gyrodactylus ba ya ƙwai, haihuwa yake yi, kuma 'yar da zai haifa tana fitowa ne da tata 'yar a cikinta. Kifi ɗaya mai ɗauke da shi ya isa ya cika tanki. Ƙasar Norway ta ga wannan da idonta. A 1975 aka gano wani nau'insa a can, wanda ya shigo tare da 'ya'yan kifin salmon da aka kawo daga Suwidin, ya bazu a koguna kimanin 50. Sai da ta kai ana zuba gubar rotenone a kogi guda, a kashe duk kifin da ke ciki, don a raba ruwan da tsutsar. Ƙasa mai arziki da masana ke nan, kuma ta hanyar sayo iri abin ya same ta.

Wanda ya fi ba mutane wahala shi ne ciwon fararen ɗigo, wanda masana suke kira Ichthyophthirius. Ana ganinsa da ido, ɗige-ɗige farare da ba su kai tsabar gero ba. Lokacin hunturu ya fi kama mu, daga Disamba zuwa Janairu, sa'ad da sanyin dare yake sauka ƙasa da digiri 15, ita kuwa tarwada ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Sanyi yana karya mata garkuwa. Abin da ya kamata kowa ya gane game da wannan ciwo shi ne, ɗigon da kake gani yana ƙarƙashin fata ne, magani ba ya isa gare shi. Idan ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasan tanki, ya rufe kansa da kwanso, ya rarrabu ɗaruruwa a ciki, nan ma magani ba ya shiga. Sai sun fashe sun fito suna iyo suna neman kifi ne ake iya kashe su, kuma kwana ɗaya ko biyu kawai suke da shi a wannan hali. Shi ya sa mutum zai yi magani yau, gobe ya ga ɗigon ya ɓace ya ce an warke, bayan kwana kaɗan ya dawo ninki. A ruwa mai ɗumi zagayen yana cika cikin mako guda ko ƙasa da haka, a sanyi yana jan makonni. Dole maganin ya zauna a ruwan har zagayen ya ƙare.

To mene ne maganin? Kafin komai, a dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, a zuƙe dattin ƙasa, a sauya rabin ruwan. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage mutuwa. Sannan gishiri, wannan dai na kasuwa. Inda ake kuskure shi ne awo. Ana ɗiban kwano a watsa da ka, ko ya yi kaɗan bai yi aiki ba, ko ya yi yawa ya ƙone fatar kifin, don tarwada ba ta da ɓawo. Auna tsawon tankinka da faɗinsa da zurfin ruwan da ke ciki, ba zurfin ginin ba. Mita 3 sau mita 2 sau rabin mita, lita 3,000 ke nan. A kowace lita 1,000 ana sa kilo 2 zuwa 3, a narkar a bokiti tukuna, a zuba a hankali a zagaye tankin. Duk ruwan da ka fitar, ka mayar da gishirinsa daidai gwargwado a sabon. Ga fararen ɗigo a riƙe haka kwana 10 aƙalla, a hunturu fiye da haka, a kuma rufe tankin da dare don ya riƙe ɗumi. Ga Trichodina da tsutsar fata akwai wanka na ɗan lokaci, giram 10 a lita ɗaya na minti 20 zuwa 30 a wani baho dabam, kana tsaye a kai. Da ka ga kifi ya fara kifewa, ka mayar da shi ruwa mai daɗi. A gwada da 'yan kaɗan kafin a sa duka.

Kuma a kula da inda ruwan gishirin zai tafi. Mun saba sakin ruwan kifi a lambu, taki ne mai kyau. Wanda aka yi magani da shi kada ya je gindin albasa ko tumatir, ƙasa ba ta saurin rabuwa da gishiri.

Akwai magungunan da suka fi gishiri ƙarfi, irin su fomalin da potassium permanganate mai rina ruwa shuɗi-ja, da praziquantel na tsutsa. Suna aiki, amma ba na son a taɓa su sai da ma'aikaci a wurin. Fomalin yana cinye iskar ruwa, a zafin bazara yana iya kashe tanki duka cikin awa kaɗan, kuma in kwalbarsa ta yi farin laka a ƙasa ya zama guba. Koren maganin nan da ake ce wa malachite green, an hana amfani da shi ga kifin ci a Amurka da Tarayyar Turai saboda zargin jawo kansa, kuma yana daɗewa a naman kifi. Fiya-fiya kuwa, maganin sauron nan, wallahi ina roƙon jama'a, kada ta kusanci tanki. Na san ana zuba ta don kwarkwatar kifi, wato fallen ƙwaron nan da ake gani da ido yana tafiya a jikin kifi. Wannan kifin fa 'ya'yanmu ne za su ci shi, ko a yi bandarsa, ko ya tafi kasuwar Galadima a Kano ya shiga tukunyar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka ma kafso. Sauransa yana zama a nama, kuma yawan zuba shi barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, har ranar da mutum zai buƙace shi a asibiti ya ƙi ci.

Masu akwatin gilashi na ado a falo ko shago, ciwon nasu ɗaya ne da namu, fararen ɗigo musamman. Su suna da sauƙi, don suna iya ɗaga ɗumin ruwa a hankali zuwa digiri 30 in nau'in kifin yana jurewa, zagayen ya yi sauri. Sai dai gishiri yana kashe tsirran cikin akwatin, kuma wasu ƙananan kifayen ba sa ɗaukarsa da yawa.

Ƙwarin nan ba daga sama suke faɗowa ba, shigo da su ake yi. Babu makiyayin kirki da zai sayo akuya a kasuwa ya sake ta cikin garke ran nan, sai ya ɗaure ta gefe ya ga lafiyarta. Sabbin 'ya'yan kifi ma a ba su wurinsu dabam na mako biyu, da ragarsu da bokitinsu. Aron raga tsakanin maƙwabta yana yawo da ciwo gida-gida, in ya zama dole a jiƙa ta a ruwan gishiri mai kauri a shanya ta bushe ƙayau. Kifin da aka kamo a dam, irin na Wasai, ko a kududdufin damina, kada a jefa shi cikin na kiwo, kada kuma a ciyar da su ɗanyen kayan cikinsa. Bayan an kwashe kifi, a wanke tanki a bar rana ta gasa shi kwana biyu ko uku kafin sabon zubi, ƙwan da ke manne a bango ba ya jure bushewa.

In za ka kawo mana kifi mu duba, ka kawo mai rai wanda ciwon ya nuna a jikinsa, guda biyu ko uku, a bokiti da ruwan tankinsa. Ƙwarin suna barin gawa da wuri, mushe ba ya nuna mana komai a madubi. Ka zo da awon tankin, da yawan kifin, da ranar da ka sayo su, da kwalin duk abin da ka riga ka zuba.