DARASI: CIWON DAJI GA MAI ƊAUKE DA ƘANJAMAU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, ku sani ƙanjamau garkuwar jiki take karyawa. In garkuwa ta yi rauni, sai wasu ƙwayoyin cuta da ke kwance a jiki su farka su haifar da ciwon daji.

Mafi shahara shi ne dajin Kaposi, sunan likitan da ya bayyana shi a birnin Biyana a 1872. A 1994 aka gano ƙwayar cutar da ke jawo shi. Alamarsa tabo ne baƙi ko mai duhun ja, a ƙafa ko a dasashi ko a ganɗa, sau da yawa ba zafi, wani lokaci da kumburin ƙafa. Na biyu dajin kaluluwa: kumburi a wuya ko hammata, da zazzaɓi, da gumin dare, da rama. Yana kama da tarin fuka ƙwarai. Na uku dajin bakin mahaifa, wanda mace mai ƙanjamau ta fi sauran mata haɗarinsa wajen ninki shida. Don haka mai aure ya kai iyalinsa gwaji.

To, ina kuskurenmu? Saurayi ya ga tabo, sai kunya ta kama shi, ya ce jifa ne, ya tafi wurin boka. Wallahi wannan hasara biyu ce, ta aƙida da ta lafiya. Ido ba ya tabbatar da daji. Likita ne zai ɗebi ɗan nama daga wurin, a duba shi a madubin asibiti, sannan a san ko mene ne.

Magani kuwa akwai. Tun 1996, da aka fara haɗa magungunan ƙanjamau, dajin Kaposi ya ragu sosai. In an kama shi da wuri, wani lokaci shan maganin ƙanjamau kullum kaɗai yakan sa ya lafa. In ya yaɗu, sai a ƙara da allurar daji. Kada ka yanke ƙwayarka da kanka don an fara allura. Kuma ka faɗa wa likita duk abin da kake sha, har na gargajiya, domin wasu magunguna ba sa jituwa.

Ɗan'uwa, zuwa asibiti ba ya warware tawakkali, kuma tona asirin mara lafiya zunubi ne. In abokinka ne, ka rufa masa asiri, ka raka shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu dace. Amin.